Sadisu da Katakon Surukinsa

Abu uku Sadisu ya dawo da su Tawa daga Abijan: baƙin tabarau, wata riga mai aljihu tara, da inji. Tabarau da riga ba su dami kowa ba. Injin ne ya tara jama'a, don sai da ƙarti huɗu suka kama kafin a sauke shi daga amalanke a bakin rumfar Ma'azu kafinta, a unguwar Bilbis, ranar wata Litinin da hantsi.

"Wanga shi a ka ce ma tupi," in ji Sadisu, yana shafa teburin ƙarfen. "Ka ba shi icce, shi hiddo maka ado. Aikin da mutum ka yi kwana ukku, shina gama shi kahin ka aje kwanon hura."

Ciɗo mai tsire, wanda tukubarsa ke daura da rumfar, ya leƙo da wuƙa a hannu. "Kai ka tuƙa shi can, Injiniya?"

"Shekara shidda ina kusa da irinai. Ko patoron, mai wurin aikin, bai hi ni sanin ƙarƙashinai ba."

Wannan ba ƙarya ba ce. Shekara shidan ya yi su, kuma kusa da injin ya yi su, kullum a gefe guda, wajen da dusar katako take zubowa. Babu wanda ya tambaye shi abin da yake riƙe da shi a hannu in yana tsaye a wurin, shi kuwa bai ga dalilin ɗora wa mutane bayanin da ba su nema ba.

Ma'azu surukinsa ne. Farida matar Sadisu ita ce 'yar farinsa, saboda haka kunyar ta zama biyu. Shekara tara da auren, tsohon bai taɓa kiran sunan Sadisu ba, bai taɓa dubansa ido da ido ba. In ta kama dole a ambace shi, sai ya ce "uban Rahama". Kowace safiya Sadisu zai tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya gaida shi kansa a ƙasa, tsoho ya amsa yana kallon bango. In kuwa Ma'azu yana da magana da shi, to akwai wata farar tunkiya da ke ɗaure a gindin rumfa, ita yake faɗa wa. Duk unguwa ta san haka. Sadisu kaɗai ne bai taɓa jin ko ɗaya ba, domin shi mutum ne mai ladabi, da ya ga surukinsa ya buɗe baki sai ya ja da baya ya ba shi wuri, kada a ce yana sauraren zancen manya. Amma abin yana cinsa a rai. Babu abin da yake so a duniya kamar ranar da tsohon nan zai kira shi da sunansa, a gaban mutane, a kan aikin hannunsa.

To ga dama ta samu. Inna Raƙiya matar Ma'azu ta tafi Makka, ranar Alhamis bayan la'asar ake sa ran motarta daga Yamai. Shekara goma sha biyu da suka wuce Ma'azu ya sayo katakon maɗaci a Gaya, ya yi mata alkawarin ƙofar ɗaki mai gilas, irin wadda ta taɓa gani a wani gida a Ƙonni ta kasa mantawa. Ya jera katakon a saman rumfa yana shan iska shekara da shekaru. Ƙofar kanta ya gama ta tuni, ja wur, har an kafa ta. Abin da ya rage shi ne tsakiyarta, inda gilas takwas za su zauna, kuma su sai da 'yan siraran sanduna goma sha huɗu, kowace da ado a fuska da gurbin da gilas zai shiga. An riga an yanko gilas, yana cikin kwali jingine da bango. Katako ɗaya ya rage. Hannun tsoho kuwa ya fara rawa, aikin siriri ya fi ƙarfinsa.

Sadisu ya aiki Farida ta roƙar masa aikin. Mutum ba ya ce wa mijin 'yarsa a'a. Ma'azu ya dubi tunkiya.

"Katakon guda na," ya ce mata. "Babu na biyu."

Farida ta kawo saƙo cewa Baba ya yarda.

Ranar Talata da sassafe Sadisu ya saɓa katakon a kafaɗa, ya bi ta hanya mafi tsawo zuwa kasuwa, wurin masu zarton lantarki. Ya sa aka tsaga shi gida ashirin, kowane kaurin yatsa, ya ɗauro su kamar rake ya dawo. Da Ma'azu ya ga ɗaurin, sai ya nemi kujera ya zauna.

"Ba a tsage shi tukuna," ya ce wa tunkiya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Bakin babban katako a ka hidda ado, hannu na da wurin riƙo, sannan a yanke siririn. In an gama a sake hidda wani."

Tunkiya ta ji. Sadisu yana bayan katanga, yana jira manya su gama magana.

Kafin azahar an jona wuta, mutane sun taru. Sadisu ya gyara tabarau, ya zaga bayan inji, ya tsaya daidai inda ƙafarsa ta saba tsayawa shekara shida. Ya danna maɓalli. Ƙarfen tsakiya ya ɗauki juyi da wani kuka mai shiga haƙori. Ya yi bisimilla, ya ɗora sanda ta farko, ya tura.

Sanda ta ɓace.

Sadisu ya dubi hannunsa. Mutane suka dubi hannunsa. Wani ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin tebur. Can sai aka ji salati daga bayan katangar gabas, jim kaɗan Shamsiya mai waina ta fito, ƙullu har gira, riƙe da rabin sanda.

"Wane ɗan albarka na ka harbin roba ta?"

"Gwaji na, Shamsiya. Ta hwarko kullum inji ka cinye ta, ko Abijan haka na."

"Ya cinye, ko ya toho man ita cikin ƙullu?"

"Ke dai ba ki san inji ba."

"Na san ƙulluna," in ji ta. Ta tafi da sandar.

Ta biyu ba ta yi nisa ba. Ta ratsa cinyar rago da ke rataye a tukubar Ciɗo, ta tsaya, rabi nan rabi can. Ciɗo ya zaga cinyar ya duba ta gaba da baya.

"Tsinken ya yi tsawo," ya ce, "amma ya shiga daidai. Kana da ƙanana?"

Sadisu ya bayyana wa jama'a cewa kuran ɗin Tawa, wato wutar lantarki, ya fi na Abijan zafin rai, sai inji ya saba da shi. Don a kiyaye haƙƙin maƙwabta, ya sa aka juya injin ya fuskanci titi. Ta uku ta huda jarkar wani ɗan ga-ruwa da ke wucewa, ya yi taku goma kafin ya lura kurarsa tana fitsari. Ta huɗu ta sami wani dattijon Buzu mutumin Takanamat, yana tafe a kan raƙumi, ta shige cikin rawaninsa ta leƙo ta ɗaya gefen, ko gashinsa ba ta taɓa ba. Dattijon ya tsayar da raƙumi, ya gurfanar da shi, ya sauko a natse. Ya zare sandar, ya auna ta da ido, ya tako har cikin rumfa.

"Wa ad da kibiya?"

Kowa ya nuna Sadisu.

"Ba ta da kai," in ji dattijon. "Ka sa mata kai." Ya miƙa masa ita, tsagaggiya, ya hau raƙuminsa ya wuce.

Ma'azu bai motsa daga kujera ba. Da aka kashe inji, ya juya wajen tunkiya.

"Dibi haƙoran ƙarhen ga inda sunka nuhwa. Gaba da gaba a ka tarbe su. In ka biyo su ta baya, hizge iccen su kai. Wancan gehe a ka tsayawa."

Wannan karon Farida tana bakin zaure, ta ji da kunnenta. Da magariba, tana zuba masa tuwo, ta ce, "Baban Rahama, Baba ya ce ma tunkiya ka koma wancan gehe."

"Ya ce ma wa?"

"Tunkiya."

"To da tunkiya shi kai. Da da ni shi kai, da ya ce uban Rahama."

"Kai ma ka san da wa shi kai."

"Farida, Baba kahintan hannu na, Allah shi ƙara mai lahiya. Inji wani ilimi na daban. Shekara shidda wurin nan ni ka tsayawa, ko rana guda patoron bai ce man in matsa ba."

"Saura sha shidda," in ji ta. "Ƙohwa na son sha huɗu. Inna na tahe jibi."

"Biyu ma sun yi yawa," in ji Sadisu, ya ƙara miya.

Laraba ya tashi da sabon bincike. Laifin katakon ne, ya bushe da yawa, iskar Adar ta shanye masa jiki, shi kuwa inji ya saba da itacen bakin teku mai laushi. Ya karɓo kitse wurin Ciɗo ya mulke sanda ta biyar har tana ƙyalli. Da ya danna maɓalli, tunkiya ta miƙe da kanta, ta ja igiyarta iya tsawonta, ta je ta tsaya a gefen da tsoho ya faɗa. Ita kaɗai ce a unguwar ta halarci karatun daga farko.

Sandar mai kitse ta fi 'yan uwanta sauri. Babu wanda ya ga fitarta, babu kuma wanda ya zo ƙara. Har yau ba a same ta ba. Ciɗo ya ce a jira ranar kasuwar Bambeye, wataƙila a ji labari.

Ta shida Sadisu ya ce ba za ta gudu ba. Ya ɗaura mata igiya a gindi, ya ƙulla ɗaya bakin a babban aljihun rigarsa. Aka ji wani ɓarat. Sanda ta tafi, igiya ta bi ta, aljihu ya bi igiya, da goro biyu da katin waya a ciki. Suka maƙale a wayar lantarki ta tsallaken titi, suna lilo.

"Saura takwas," in ji Ciɗo.

"Sha huɗu," in ji Sadisu.

"Aljihu ni ka nuhi, Injiniya."

Sha huɗun ne kuwa, cif, babu ko ɗaya ta kuskure. Farida ta aiko Rahama da saƙo cewa don Allah don Annabi ya bari haka, a nemi wani kafinta ko da na hannu ne. A nan gaban Sadisu ya faɗi, karo na farko. Ya zauna a kan buhun dusa, ya ɗauki tsagaggiyar sandar da Buzu ya mayar, yana juya ta. Sai ya ga abu. A gefe guda, tsawon kamu ɗaya, ƙarfen ya ɗan ciji itacen ya bar wani layi mai kama da ado.

Ya miƙe tsaye.

"Jama'a, ku zo ku gani! Injin na aiki! Shina hidda adon, cikin tahiya shi ka hidda shi. Kamawa ɗai ta rage muna."

"Wa ka kamawa?" in ji Ciɗo. "Ni ina da iyali."

"Katihwa ka kamawa."

Alhamis gidan Ma'azu ya cika tun azahar. An shafe bango da farar ƙasa, an shimfiɗa tabarmi, tukwanen shinkafa suna kan wuta, 'yan uwa sun zo daga Kalfu cikin manyan riguna. Sadisu ya so ya yi aikin da safe, amma da safe babu mutane. Ya jira sai da wuri ya cika. Ya fito da katifarsa ta aure, tsohon soso wanda shekara tara ta lallasa, ya sa aka juya inji ya fuskanci bangon rumfa. Nan ya tuna da kwalin gilas da ke jingine a bangon, ya ga bai kamata a bar shi a fili ba ranar aiki irin wannan. Wurin da ya fi ko'ina tsaro a rumfar shi ne bayan katifa. Ya jingina katifa a kan kwalin, ya ja baya ya duba, dabarar ta burge shi.

Ma'azu yana cikin zaure wajen baƙi. Da ya ji kukan inji ya taso da sauri iya na tsoho, amma kafin ya ratso mutane an fara. Mazan unguwa sun tsuguna a bayan tukubar Ciɗo. Baƙin Kalfu, da ba su san komai ba, suna tsaye a fili suna kallo. Tunkiya tana wurinta.

Sadisu ya tura ta farko. Tim! Ta shige katifa ta tsaya. Wani baƙo ya ce masha Allah. Ya tura ta biyu. Tim! Daga nan hannunsa ya saki, yana ɗauka yana turawa, har da ɗan taku na rawa. Bayan kowane tim akwai wata ƙaramar ƙara mai kama da ta cokali a kofin shayi, amma kukan inji ya danne ta, shi kuwa ba ta ita yake ba. Ma'azu ya iso bakin rumfa a kan ta tara. Ya buɗe baki, ya dubi surukinsa, ya rufe. Ya waiwaya yana neman tunkiya, jama'a sun tare ta.

Ta sha huɗu ta shiga daidai lokacin da mota ta yi oda a bakin layi, mata suka ɗauki guɗa.

Hajiya Raƙiya ta sauko cikin fararen kaya, ta rame kaɗan, fuskarta fes. Aka rungume ta, aka yi koke-koken murna, aka rako ta. Hanyar shiga gida kuwa ta gaban rumfa take. Sadisu ya kashe inji, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna ya yi mata barka da sauka. Sannan ya miƙe, ya ce jama'a su shaida, ya kama katifa ya janye.

Katifar ta taho da nauyi, sanduna sun yi mata ƙaya ta baya, kowace ta tsage ta yi baki uku. Kwalin yana nan a tsaye, da huda goma sha huɗu. Ya ɗan tsaya haka, sannan gindinsa ya buɗe, gilas takwas suka zubo ƙasa, babu guntun da ya kai tafin hannun jariri.

Guɗa ta tsaya a tsakiya. Shamsiya ta ratso taro ta ajiye rabin sandarta a kan tarin, ta ce ga ajiya.

Daga inda Hajiya take ana hango ɗakinta ta cikin zaure, da jar ƙofar maɗaci, da babban rami a tsakiyarta wanda ake ganin gado ta ciki. Ta dubi ƙofa. Ta dubi tarin gilas. Ita ma ba ta magana da mijin 'yarta, don haka ta nemi tunkiya da ido.

"Ke," ta ce, "haka anka yi bayana?"

Tunkiya ta sunkuyar da kai.

Ma'azu ya duƙa da ƙyar ya ɗauki tsage ɗaya. Ya juya shi a hannunsa, ya kai hanci ya shinshina. Shekara goma sha biyu yana ɗaga kai kullum ya dubi katakon nan a saman rumfa, ya hana a taɓa shi ko da aka rasa na yin makara mai kyau. Baƙin ciki ya cika shi, kowa ya gani. Hajiya ta cire mayafinta na sama ta miƙa wa Farida, ta ce a rataya a ramin kafin baƙi su shiga.

Sai tsoho ya ɗago kai. Bai dubi bango ba, bai dubi tunkiya ba.

"Sadisu."

Farida ta dafe ƙirji. Sadisu ya ji sunan ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Shekara tara yana jira, ga shi ya zo, a gaban mutanen Bilbis da na Kalfu, kuma duk da halin da ake ciki sai da wani daɗi ya ɗan tsarga masa.

"Na'am, Baba."

"Ɗauki tsintsiya. Baƙi na tahe ba takalmi."

Sadisu ya cire tabarau ya sa a ɗaya daga cikin aljihu takwas. Ya ɗauki tsintsiya, ya buga gindinta a tafin hannu sau biyu ta daidaita. Ya yayyafa ruwa da yatsu, ba yawa, daidai yadda ƙura ba za ta tashi ba. Ya fara daga kusurwa. Gilas ya bi gefe guda, dusa ta bi gefe guda, tsagen katako ya taru wuri ɗaya, babu wanda ya shiga cikin ɗan uwansa. Da ya zo ga inji bai ko duba ba, ya karkata kugu ya zura tsintsiya ƙarƙashi, shara ɗaya ta fito da komai. Babu taku ɗaya na banza, babu wurin da ya bi sau biyu. Baƙin Kalfu da suka fara shiga zaure suka dawo suka tsaya. Kafin a sauke akwatunan Hajiya daga mota, ƙasan rumfar ya yi fes yadda ba a taɓa ganinsa ba tun da aka kafa ta. Wata tsohuwa ta taka da ƙafa tsirara daga wannan baki zuwa wancan, ta ɗaga tafinta ta duba, babu komai.

"Aradu," in ji Ciɗo a hankali, "wanga kam hannun gwani na."

Ma'azu ya bi ƙasan da kallo tun daga bakin titi har gindin bango. Ya koma kujerarsa ya zauna, tsagen maɗacin yana hannunsa. Ya juya wajen tunkiya.

"Shekara shidda," ya ce mata. "Bai yi ƙarya ba."